Ƙasa da ɗumi, ɗakin sama kamar firigo: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, unguwar Ali Ɗan Sofo. Ɗiyata tana aure a garin Lil na ƙasar Faransa, wata biyu ke nan da ta haihu. Gidan da suke haya bene ne, akwai tukunyar gas a madafa mai dafa ruwa, ruwan yana zagayawa cikin ƙarafan nan da ke manne da bango. Falo da madafa lafiya lau, amma ɗakin kwanansu na sama kamar firigo, alhali mijin ya murɗa abin har lamba 5. Uwarta ta ce su nemi gawayi su riƙa shiga da rushi kamar yadda muke yi da hunturu. Mijin kuma yana son kiran mai gyara, amma an ce kuɗin zuwansa kaɗai abin dubawa ne. Me ke kawo haka, kuma me za su iya yi da hannunsu?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya jika, ya ba mai jego lafiya. Tunda falo da madafa suna da ɗumi, tukunyar tana aiki, a cire ta daga zargi tukuna. Abin da ya rage tambaya ce mai harshe biyu: ruwan zafin ne ba ya kaiwa radiyaton ɗakin, wato ƙarfen nan da ke manne da bango, ko yana kaiwa amma ɗakin ba ya riƙe zafi? Maganin kowanne daban, kuma surukinka zai iya bambance su da tafin hannunsa kafin ya kashe ko dala.

Amma maganar rushi ta fi gaggawa. A ba Hajiya haƙuri, a bar ta kwata-kwata. Ɗakunanmu na nan iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, kuma duk da haka rushi yakan yi kisa idan aka rufe ɗaki aka kwana da shi. Can kuwa tagoginsu da roba a gefe, an yi su ne don kada iska ta samu hanya. Gawayi yana fitar da gubar monoksid na karbon, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, kuma jariri ta fi saurin kayarwa. Haka nan kada a kunna murhun gas a bar shi don ɗumama gida. Turaren wuta na mai jego ma a yi shi a kaskon lantarki. Idan mutum biyu a gidan suka ji ciwon kai lokaci guda, a buɗe tagogi, a fita waje, a kira 112 ko 18.

Yadda ruwan yake tafiya

Tukunyar tana ɗumama ruwa zuwa digiri 50 ko 70, gwargwadon yadda aka saita ta. Wani ɗan pampo a cikinta yana tura ruwan ta bututu guda zuwa kowane radiyato, ya dawo ta bututu na biyu bayan ya saki zafinsa. Ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa, ba ya fita. Kowane radiyato yana da abubuwa uku da hannu ke taɓawa: bawul ɗin shiga, wato abin buɗewa da rufe hanyar ruwa, mai kan da aka rubuta lambobi, bawul ɗin fita a ƙasa, can ɗaya gefen, an rufe shi da ɗan murfi, sai ƙaramin noti a kusurwar sama na fitar da iska. Kusan duk abin da ke sa radiyato guda ya mutu yana ɗaya daga wuraren nan uku.

Surukinka ya buɗe duka bawulolin gidan, ya ɗaga tarmostan falo, wato ɗan akwatin bango da ake saita zafin gida da shi, zuwa digiri 23 don tukunya ta yi ta ci, ya jira rabin awa. Sai ya je ya shafa radiyaton ɗakin: sama, tsakiya, ƙasa, da bututun nan biyu. Ya taɓa a hankali, ruwan digiri 70 yana ƙuna.

Sama sanyi, ƙasa ɗumi

Wannan iska ce, kuma a ɗakin bene ita nake fara zargi, domin iska kullum sama take hawa ta taru a radiyaton da ya fi kowane tsawo a gidan. Sau da yawa za a ji ƙarar ruwa na ɓulɓul a ciki. Inda iska ta zauna ruwa ba ya shiga, sai rabin ƙarfen ya zama kwalliya.

Ya kashe tukunya, ya jira kamar minti 30 ruwan ya huce, iskar kuma ta natsu a sama. Yana buƙatar ɗan kile mai rami kusurwa huɗu, ana sayarwa a shagunan kayan gini irin su Leroy Merlin, bai wuce yuro 2 ko 3 ba, abin da bai kai jika biyu ba a kuɗinmu. Wasu notocin turnabis mai faɗi yake buɗe su. Ya tara kofi da tsumma a ƙasa, ya murɗa hagu kwata ko rabin zagaye kawai. Zai ji tsiii. Ya bari har ruwa ya fara tsartuwa, sannan ya zubo siriri babu yankewa, sai ya rufe, ba da ƙarfi ba. Kada ya kuskura ya kwance notin gaba ɗaya. Idan ya faɗo, mayar da shi cikin ruwan da ke feshi ba wasa ba ne.

Daga nan ya sauka ya duba agogon matsi da ke jikin tukunya. Idan ruwa ya huce, allurar ta zauna tsakanin bar 1 da 1,5; da bar ake auna matsin ruwa. Wannan ma'aunin ya fi muhimmanci a gidan bene, domin kowane mita 10 na tsawo yana cin bar 1. Idan allura ta faɗi wajen 0,5, radiyaton sama ne zai fara rasa ruwa, har ma ya buɗe notin ya ji shiru, ba iska ba ruwa. A ƙarƙashin tukunya akwai ɗan bawul ɗaya ko biyu na cika ruwa. Ya buɗe a hankali yana kallon allura, ta kai 1,3 ko 1,5 ya rufe sosai, sannan ya koma ya sake fitar da iska. Kada ya cika fiye da haka, domin ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, kuma a bar 3 bawul ɗin kariya yake buɗewa ya zubar. Idan kuwa kowane mako sai an ƙara ruwa, akwai yoyo ko tankin da ke karɓar kumburin ruwa ya lalace, wannan aikin mai gyara ne.

Radiyato sanyi ƙalau, har bututun shiga

A nan maganar lamba 5 take shigowa. Kan nan mai lambobi ba ya ƙara wa ruwa zafi. Aikinsa ya ji zafin ɗaki, idan ya kai inda aka saita ya danne wani ɗan tsinken ƙarfe ya rufe hanya. Lamba 2 wajen digiri 16 ce, lamba 3 wajen 20, lamba 5 kuwa a buɗe take kusan kullum. To idan an bar shi a rufe tun watan Afrilu har Oktoba, tsinken yakan maƙale a ƙasa. Sai ka murɗa kai har ƙarshe, yana juyawa lafiya lau, amma hanyar ruwa a rufe ruf. A farkon sanyi wannan ne abin da na fi tararwa bayan iska.

Ya kai shi lamba 5 tukuna, don ya saki. Ya kwance zoben da ke riƙe kan, yawanci da hannu yake kwancewa, wasu kuma da ɗan noti a gefe. Cire kan ba ya zubar da ruwa. Zai ga tsinke ya leƙo. Ya danna shi da bayan cokali: mai lafiya yana shiga kamar milimita 2 ya dawo da kansa. Idan bai motsa ba, ya ɗiga masa ɗan man kwance tsatsa, ya ƙwanƙwasa gefen bawul ɗin a hankali da mariƙin turnabis, ya yi ta dannawa har ya fara wasa. Kada ya kama tsinken da filaya ya ja, domin a wasu bawuloli fita yake yi ɗungurungum, ruwa ya biyo baya. Da zarar ya saki, cikin minti biyar zai ji bututun shiga ya ɗau zafi. Ya bar kan a cire na awa guda. Idan radiyato ya yi zafi ba kai, ya mutu da an mayar da kai, to kan ne ya lalace, a sayo wani irinsa. Idan bazara ta zo kuma, a bar duka bawulolin a lamba 5.

Ya duba bawul ɗin fita shi ma. Masu fenti sukan rufe shi idan za su cire radiyato, su manta. Ya cire murfin, ya sa kile mai kusurwa shida, ya murɗa dama yana ƙirga zagaye har ya tsaya. Idan bai motsa ba ko kaɗan, da ma a rufe yake. Ya buɗe shi zagaye biyu ko uku.

Ɗumi-ɗumi kawai, ba ya kai na ƙasa

Wannan ya fi wuyar ganewa, kuma shi ne nake jin ya dace da gidan da ka kwatanta idan iska da tsinke sun kuɓuta. Duk wanda ya san noman rani a Jiratawa ya san rigimar: mai gonar bakin kanal idan ya buɗe tasa hanya gaba ɗaya, na ƙarshen layi sai dai ya ga danshi. Radiyaton falo da na madafa suna kusa da pampo, hanyarsu gajera ce, sai su kwashe yawancin ruwan, na sama ya samu ragowa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ya rufe duka sauran radiyatocin gidan, ya bar na ɗakin shi kaɗai a buɗe, tukunya na ci, minti 20 zuwa 30. Idan ya yi zafi rau, hanyarsa a buɗe take, rabo ne bai daidaita ba. Wani lokaci ma wannan gwajin kaɗai yake warkar da shi, domin ƙarfin pampo duka ya taru wuri guda ya ture iskar da ta tsaya a gwiwar bututu. Sai a sake fitar da ita ta noti.

Daidaita rabo da bawul ɗin fita ake yi, ba da kai mai lambobi ba. Ya fara rubuta yadda ya tarar da kowanne, zagaye nawa, don ya iya mayarwa idan abin ya rikice. Radiyaton da ya fi kusa da tukunya ya rufe bawul ɗinsa gaba ɗaya, ya buɗe rabin zagaye. Na biye ya ba shi zagaye ɗaya, na gaba ɗaya da rabi, na ɗakin sanyi kuma a buɗe har ƙarshe. Waɗannan mafari ne, ba ƙa'ida ba, kowane gida da tsawon bututunsa. Bayan kowane gyara ya jira rabin awa kafin ya yanke hukunci, gaggawa ce ke ɓata aikin nan. Idan yana da ma'aunin zafi mai haske da ake nuna wa abu, ya manna ɗan baƙin salatif a kan bututun shiga da na fita, domin ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa ma'aunin, ya auna. Bambancin digiri 10 zuwa 15 ake nema. Radiyaton da bambancinsa digiri 3 ne ruwa ya yi masa yawa, a ƙara matse shi. Wanda ya haura 20 yunwa yake ji. Kada a matse na ƙasa har su fara fito. Wannan ƙarar alama ce an wuce wuri.

Akwai wani ɓarawon da ake mantawa da shi: tarmostan da ke bangon falo. Shi ke ba tukunya umarni. Idan falo ya kai digiri 19 ko 20, sai ya kashe wuta, bai san halin da ɗakin sama yake ciki ba. Gidan da ake girki irin namu, tukunyar miya awa biyu a kan wuta, ga baƙi ƴan barka sun cika falo, tarmosta zai ga zafi ya isa tun kafin na sama ya farka. Rage rabon radiyaton falo yana gyara wannan, domin falo zai daɗe bai kai ba, tukunya ta daɗe tana ci. Idan tarmostan marar waya ne, ya ɗauke shi ya kai ɗakin kwana, sannan ya sa radiyatocin ƙasa a lamba 3.

Sama zafi, tsakiyar ƙasa sanyi

Ƙasan radiyato ya ɗan fi sama sanyi ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Amma idan sama na ƙuna, tsakiyar ƙasa kuma sanyi kamar ba a kunna ba, laka ce. Cikin ƙarfen yana tsatsa a hankali, tsatsar ta zama baƙin taɓo ta kwanta. Shaida biyu: ruwan da ya fito ta noti baƙi ne kamar tawada, kuma mayen ƙarfe yana kama bututun jan ƙarfe, alhali jan ƙarfe ba ya kama shi sai da laka a ciki. Ana iya cire radiyato guda a wanke shi da tiyo a waje, amma ban ba ɗan haya shawarar haka ba, baƙin ruwan nan idan ya zuba a dandamalin katako daga kuɗin ajiyarsa za a cire. Mai gyara yana wanke layin duka da inji da magani, ya zuba maganin hana tsatsa, ya ɗaura matata mai mayen ƙarfe kusa da tukunya.

Idan radiyato zafi rau, ɗaki kuma sanyi

To ruwa ya yi nasa, saura ɗaki. A Maraɗi daren Janairu yakan sauka wajen digiri 13 mu ce sanyi ya yi. A Lil wata ɗaya ɗin dare yana kusa da sifili, ga danshi, kuma gidajen bulo na da masu yawa ne a yankin, bangonsu ba shi da rufin hana zafi fita. Ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, ko mai bango biyu a waje, ko mai fuskantar arewa, ya fi kowane zubar da zafi.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. Gado ko kabad kada su tare gaban radiyato. Dogon labule da ya sauko ya rufe shi yana tura zafin zuwa gilashin taga, idan kuma ya rufe kan bawul sai ya ji zafi ya rufe hanya. A naɗe labulen ya tsaya a bakin taga. Kayan jariri da ake shanyawa a kai su ma suna toshe shi, suna kuma cika ɗaki da danshi. A rufe murfin taga na waje da magariba. A zagaya gefen taga da jiƙaƙƙen hannu, inda aka ji iska a manna robar toshewa. Amma ƴar kafar shan iska da ke saman taga kada a toshe ta, da gangan aka yi ta. Rufe ta shi ke kawo fumfuna a bango. A buɗe taga minti 10 kowace safiya.

Sai lissafi. A tsohon gida ana ƙiyasta wat 100 ga kowane murabba'in mita, wato ɗaki mai mita 3 da 4 yana son wajen wat 1.200. Ƙarfin da aka rubuta wa radiyato kuma an auna shi ne da ruwa mai digiri 70 a matsakaici cikin ɗaki mai digiri 20. Idan an saita tukunya a 50 don tsimin gas, radiyaton yana ba da kusan rabin ƙarfinsa ne kawai. Falo mai manyan radiyatoci ba zai ji ba, ƙaramin ɗakin sama zai ji. Ya ɗaga zafin ruwan ɗumama gida zuwa 65 na kwana biyu ya gani, ya lura kada ya taɓa maɓallin ruwan wanka. Idan hakan bai isa ba, radiyaton ya yi wa ɗakin kaɗan ko rufin gidan na son audugar gilashi mai hana zafi fita, kuma duka biyun na mai gida ne.

Wa zai biya

Su sayi ƙaramin ma'aunin zafi su ajiye a tsakiyar ɗaki, mita 1,5 daga ƙasa, su riƙa ɗaukar hotonsa safe da dare. Ɗakin jariri digiri 18 zuwa 20 ake so, ba fiye ba. Wanda ya taso a Maraɗi zai ji 19 sanyi ne, amma ba matsala ba ce. Idan ma'auni na nuna 13 ko 14, sun samu hujja a hannu. A dokar Faransa tukunya dole a duba ta sau ɗaya kowace shekara, kuma idan ta gidan ce ita kaɗai, ɗan haya ne ke biya ya karɓi takarda. Idan ba a yi na bana ba, ya kira a yi, ya nuna wa mai gyaran radiyaton a zuwa ɗaya, kuɗin tafiya guda ke nan. Ƙananan abubuwa kamar fitar da iska da canza roba na ɗan haya ne; abin da tsufa ya kashe, kamar pampo ko radiyaton kansa, na mai gida. Wankin laka akan yi jayayya a kansa, don haka kada ya sa a yi kafin ya rubuta wa mai gida wasiƙa mai rajista. Ofishin ADIL, mai ba da bayani kan sha'anin gidaje, yana ba ƴan haya shawarar doka kyauta.

Ga wanda yake dogon bene mai tukunya ɗaya ta kowa, abin da ya shafe shi tsinke ne da labule da taga. Matsi da rabon ruwa na mai kula da ginin ne, a sanar da shi kafin a taɓa.

Daga nesa ba zan iya cewa ga takamaiman ciwon ba, hannun da ya shafa ƙarfen ne zai faɗa. Akwai kuma iyakar da bai kamata surukinka ya ƙetare ba: kada ya buɗe murfin tukunya, kada ya taɓa bututun gas ko na hayaƙi. Idan ya rufe sauran radiyatoci, tsinke na wasa, bawul ɗin fita a buɗe, matsi daidai, amma bututun shiga bai ɗau zafi ba, to toshewa ce cikin layi ko pampo ya gaji, a kira mai gyara a gaya masa duk abin da aka gwada, zai rage masa lokaci ya rage musu kuɗi. Kafin nan su nemi radiyaton lantarki mai mai a ciki, na wat 1.000 zuwa 1.500, su sa shi kai tsaye a soket ɗin bango ba ta wayar ƙari ba, nesa da gado da labule aƙalla mita guda, kuma kada a shanya komai a kansa.